Abin da Tarsih Ba Ta Faɗa Mini Ba

Shekara tara na yi ina ɗinka hannun riga a wani kamfanin ɗinki da ke garin Ungaran kafin a ba ni shugabancin layi na huɗu. Mata talatin da shida ne a layin, kowacce da kekenta, kowacce da abu ɗaya da take ɗinkawa tun safe har la'asar: wannan aljihu, waccan hannu, ta gabanta kwala. Ƙyalle ya shigo ta wannan kai a yanke, ya fita ta wancan kai ya zama riga. A saman layin akwai allo, duk awa ana rubuta adadin da ake so mu fitar da wanda muka fitar. Sa'ad da nake kan keke ban damu da allon nan ba. Da na zama shugaba sai ya zamana ina kallonsa fiye da yadda nake kallon 'ya'yana.

Manajanmu Hendarto, da muke kira Pak Hendarto don girmamawa, ba mai tsawa ba ne. Da ma tsawar yake yi, da ya fi sauƙi. Sai dai ya zo ya tsaya a bayanki, ya dubi allo, ya danna bironsa sau biyu, ya ce, "Bu Roh, yau kuma me ya faru?" Shi ke nan ya wuce. Ni kuwa in wuni da tambayar nan a ƙirjina. Na san shi ma akwai masu matsa masa daga sama, su ma masu oda na ƙasashen waje suna matsa musu, amma sanin haka bai taɓa rage mini komai ba.

Cikin wata shida na rame. Ƙeyata kullum kamar an ɗora mata dutse. In waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ko da ƙanwata ce ke kira. A gida ɗana ya zubar da ruwa in yi masa faɗan da ya fi ƙarfin laifinsa, sannan in shiga banɗaki in yi kuka. Ranar da jiri ya nemi kayar da ni a gaban teburin guga, sai na tafi ɗakin shan magani na kamfani.

Likitar wata dattijuwa ce mai zuwa Talata da Alhamis. Ta auna jinina, ta sake aunawa, ta cire tabarau.

"Shekararki nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Jinin nan na 'yar sittin ne. Ki rage gishiri, ki rage kofi. In ranki ya ɓaci ki ja numfashi a hankali sau biyar kafin ki buɗe baki. In an tashi hutun rana ki bar ɗakin ɗinki, ki fita inda iska take." Ta rubuta magani, sannan ta ɗago kai. "Kina da wadda kike faɗa wa damuwarki?"

"Ina da miji."

"Ba shi na tambaya ba, shi ma da tasa gajiyar yake dawowa. Ki nemi wadda ta san aikin nan, ki riƙa amayar mata da abin da ke cikinki. Ajiyar da kike yi ce ke hawar miki da jini."

Ban yi dogon tunani ba, domin Mbak Tarsih tana nan. Mbak a wurinmu kamar a ce Yaya ne. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ita ta koya mini keken lantarki ranar da na fara aiki, lokacin da in na taka shi yake ƙwace mini ƙyalle. 'Yar wani ƙauye ce a Wonogiri. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure a Solo, ita kuma tana hayar ɗaki a bayan kasuwa. Kwala take ɗinkawa a layina, kuma duk kamfanin an san babu mai hannunta. In aka kawo sabon samfur ita ake ba ta fara. Sunana Rohmini, amma da aka ɗaga ni kowa ya koma ce mini Bu Roh, kiran da ake yi wa babbar mace, har da waɗanda suka girme ni. Ita kaɗai ta ci gaba da kirana Min, yadda ake kirana a gida.

Bayan sito akwai dakalin siminti a gindin mangwaro, kusa da inda ake ajiye babura. Can na same ta ta buɗe ƙunshin ganyen ayaba: shinkafa, soyayyen tempe na waken soya, da yajinta mai sa hawaye.

"Shugaba da kanta a bayan sito?" ta ce. "Ko an kore ki ne?"

"Likita ta ce in nemi wadda zan riƙa kai wa ƙorafi."

"Duk matan kamfanin nan kika rasa wadda za ki ɗora wa sai ni tsohuwa. To zauna. Fara cin abinci, kada ki sume mini a tsakiyar labari."

Na ci, na yi magana. Na faɗi komai: allon, injin maɓalli da ke lalacewa kullum, masu zuwa a makare, masu yanka da ke turo mana ƙyalle karkatacce. Tana tauna a hankali tana gyaɗa kai. Da na zo kan Pak Hendarto sai ta miƙe, ta tura ciki gaba, ta ƙwanƙwasa cokali a haƙorinta sau biyu, ta ce, "Bu Roh, yau kuma me ya faru?" Na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin shugabanci. Da aka buga ƙararrawa na tashi jikina sakayau.

Daga ranar ya zame mana al'ada. Ta koma zuwa da ƙunshi biyu, wai ita ba ta yarda da hannuna a gishiri ba. Kuma abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Jinina ya sauka, barci ya dawo, yarana suka daina laɓewa in sun ji babur ɗina. Har likitar ta sa na tashi a taron shugabannin layi na ba da labarin yadda na shawo kan gajiyar aiki. Na tsaya na lissafa musu: numfashi, fita shan iska, da abokiyar da za ta saurare ki. Aka tafa mini.

Shekara biyu muka yi a haka. Yanzu in na zauna ina neman abin da na sani sabo game da Mbak Tarsih a shekarun nan biyu, ba ya wuce biyu ko uku. 'Yarta ta haihu. Mai gidan hayarta ya gyara rufi. Takan fara magana, sai in ce, "Ai irin wannan ne ya same ni shekaranjiya," in karɓe zancen, ita kuma ta bar mini.

Bayan ƙaramar salla aka kawo mana babbar oda ta fararen riguna na maza, kuma an riga an tsayar da ranar da jirgin ruwa zai tashi da su. Farar riga ba ta ɓoye laifi. Ba a yi mako biyu ba masu duba kaya suka fara dawo mana da riguna saboda kwala: ɗinki ya kauce, ko baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mata uku ke kan kwala: Mbak Tarsih, da Yuyun, da Kasmi. Kowane ɗauri yana tafe da ɗan tikiti mai lambar wadda ta ɗinka. Amma ɗaurin da ya lalace, yau ya zo da lambar Yuyun, gobe ta Kasmi, jibi ya zo babu tikitin ma sam. Na yi musu faɗa, kowacce ta sunkuyar da kai ta ce za ta kula. Washegari a sake.

Ban taɓa kawo Mbak Tarsih a raina ba. Ita nake kai wa ƙarar ma.

"Ɗaya daga cikin yaran nan biyu ce ke neman kashe ni," na ce mata a kan dakali. "Kina kusa da su, Mbak, ba ki ga wadda ce ba?"

"Ni kaina yana kan nawa ɗinkin."

"Wallahi duk ranar da na kama ta, ko rigar aikinta ba za ta tsaya ninkewa ba. Mutum ba zai iya aiki ba, ya tafi gida mana, ya bar masu iyawa."

Ta ci gaba da tattara ƙwayoyin shinkafa da yatsa. Can ta ce, "Wataƙila tana da dalili."

"Kowa ma yana da dalili. Wannan ta ce ɗanta ba lafiya, waccan ta ce za ta asibiti. Jiya mutum uku suka nemi izinin fita. Duk wadda ta sake zuwa mini da maganar asibiti kafin kayan nan su tafi, sai dai ta tafi gaba ɗaya."

"Haka ne," ta ce. "Ci abincinki."

Abubuwa sun faru a gabana a makonnin nan, na gan su da idona amma ban tsaya a kansu ba. Ta miƙo mini wayarta in karanta mata saƙon 'yarta, wai ta manta tabarau, alhali tabaran suna rataye a wuyanta. Ta zo zuba shayi ta zuba rabi a kan dakali, muka yi dariya na ce tsufa ya zo. Na sha ganin Yuyun ta sunkuya a kan keken Mbak Tarsih da safe, na ɗauka gulma suke yi.

Wata Litinin ta ce, "Min, akwai gurbi a wajen ninkin riguna?"

"Wa kike nema wa?"

"Wata ce."

"Ki ce mata ta yi haƙuri sai bayan odar nan. Ni yanzu ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Kin san abin da mutumin nan ya yi mini yau a gaban masu yanka?"

Na ba ta labarin abin da ya yi mini. Ta saurara har ƙarshe.

Ranar Laraba kuma, ina zama ta riƙe mini hannu, abin da ba ta saba ba. "Yau ni zan fara," ta ce. "Akwai maganar da nake so mu yi." Daidai nan wayata ta yi ƙara, Pak Hendarto ne, wai gobe wakilin masu oda zai zo duba kaya da kansa. Na miƙe da loma a baki. "Riƙe maganar, Mbak, gobe in Allah ya kai mu." Ta ce to.

Wakilin ya zo da hantsi. Ya nuna kwali ɗaya daga tsakiyar tari aka buɗe, ya zaro riguna ashirin ya shimfiɗa a tebur. Bakwai ya ware gefe, duk saboda kwala. Ya ɗauki hotonsu da waya ya fita. Pak Hendarto ya raka shi mota ya dawo, fuskarsa ta yi fari. A gaban layi duka ya ce, "Bu Roh, za a buɗe kwalaye ɗari biyu a sake dubawa. Kafin azahar ina son sunan mai wannan aikin a kan teburina. In babu suna, naki zan rubuta."

Na ji dutsen nan ya dawo ƙeyata. Na tuna da numfashi biyar, na ja guda biyu na bari. Na kashe wutar layin, kekuna talatin da shida suka yi tsit lokaci ɗaya.

"Masu kwala," na ce, "kowacce ta zare zarenta daga allura. Za ku zura da kanku, ku ɗinka kwala ɗaya a gabana. Kada wadda ta taɓa keken wata."

Yuyun ta miƙe. Mace ce mai 'ya'ya uku, ba ta da yawan magana. "Bu Roh, ba sai an yi haka ba. Ni ce. Rubuta sunana."

"Zauna. Na gaji da wasan da kuke yi da hankalina."

Kasmi ta zura zarenta ta ɗinka, kwala ta fita daidai. Yuyun ta ɗinka, ita ma daidai. Na juya wajen Mbak Tarsih don kawai a ce ban yi son kai ba. Ta sa tabarau, ta lashi bakin zare, ta kai shi wajen allura. Ya wuce ta gefe. Ta sake lasa, ta matso da fuska har goshinta na taɓa keken, ta lalubi allurar da yatsa. Ya sake wucewa. Sau huɗu tana gwadawa, mata talatin da biyar suna kallo, babu mai ko tari. A na biyar ta ajiye zaren a cinyarta, ta ɗora hannuwa a kai.

Da a ce tausayi ne ya fara zuwa mini, da yau ba na ba da wannan labari. Abin da ya zo mini shi ne kunya da fushi. Na ga kaina a kan dakali wata biyu ina zage-zage, ita tana zaune ta san komai.

"Ke ce?" na ce. "Tarsih, ke ce? Kullum kina zaune kina kallona ina haukacewa, kina ba ni shinkafa, ashe ke ce kike kashe ni? Tashi daga kan keken nan."

Tun da nake ban taɓa kiran sunanta gatsau babu Mbak ba. Na ji wata a baya ta yi salati a hankali. Ita kuwa ta miƙe, ta lulluɓe keken da mayafinsa, ta cire rigar aiki ta ninke ta da kyau ta ajiye a kan kujera.

"Na ji, Bu Roh," ta ce.

Ta bi tsakanin kekuna ta fita tana dafa gefen tebura. Na kunna wuta, na ce kowa ya koma aiki. Na rubuta sunanta a takarda na kai ofis.

Pak Hendarto ya karanta, ya dube ni. "Tarsih? Me ya same ta?"

"Da alama ba ta gani sosai."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Watan jiya aka yi gurbi biyu a wajen ninki, sa hannunki kawai ake bukata. Takardar gargaɗi za a ba ta, ba kora ba. Ta zo Litinin mu ga inda za a sa ta."

Ba ta zo Litinin ba. Yuyun ce ta kawo takardarta ta barin aiki, ta ajiye mini a tebur za ta juya, na tsayar da ita.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, Bu. Ciwon suga ne ya taɓa mata ido. Mu muke zura mata zare da safe. In ta ɓata kwala mu farke mu gyara a lokacin hutu, wanda ba mu samu gyarawa ba mu sa lambarmu."

"Me ya hana ta faɗa mini? Kullum fa muna tare."

Yuyun ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba. "A wane lokaci, Bu?" Ta gyara ɗankwalinta. "Asibitin ido sun ba ta rana har sau uku. Duk ranakun aiki ne. Ba ta je ko ɗaya ba, ta ce ba za ta ƙara miki wani nauyin ba."

Ko da na ji haka ban tafi nemanta ba. Ɗakinta bai fi tafiyar minti goma a babur ba, amma na ce sai an gama buɗe kwalaye. Aka gama, na ce sai kaya sun tafi. Can cikin raina kuma ina ta kare kaina, ina cewa ita ma ta yi mini ba daidai ba, da ta buɗe baki da duk haka ba ta faru ba. Ranar da kwantena ta bar harabar kamfani na je bayan kasuwa, mai gidan ya ce ta kwashe kayanta tun mako biyu, ƙaninta ya zo ya tafi da ita ƙauye. Na kira wayarta ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ban sake kira ba, don na ji tsoron a ɗauka.

Wata huɗu ina cin abinci a kan teburina, ina kallon allo. Matan layi suna gaishe ni, suna yin abin da na ce, amma in na doso sai hira ta mutu. Likita ta ƙara mini ƙwaya ɗaya, ta tambaye ni ina abokiyar nan tawa. Na ce ta koma gida.

Mijina ne ya gaji da ganina haka. Wata Lahadi da sassafe ya kai ni tasha ya ce, "Je ki gan ta. In ta kore ki, kin dai je."

Mota biyu na hau, sannan ɗan acaɓa ya haura da ni tudu. Gidan ƙaninta na ƙarshen ƙauye, an shanya rogo fari fat a tsakar gida. Tana zaune a baranda da kwando a gabanta tana ɓare rogo, wuƙa na tafiya a hannunta ba tare da ta duba ba. Na yi sallama. Ta amsa, ta karkata kai tana kallona ta gefen ido.

"Wannan murya ta masu birni ce," ta ce. "Min? Ke da wa? Zo nan kusa, daga nesa duk mutane inuwa ne a wurina. Kin rame. Kin koma cin gishirinki ko?"

Na durƙusa na kama hannunta na kai goshina. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na dai ce, "Mbak, ki yafe mini," sai kuka ya ci ƙarfina.

"Tashi, tashi, kada maƙwabta su ce mutuwa aka yi. Na yafe tun a ranar. Ni ma ai na ɓata miki riguna."

Matar ƙaninta ta kawo shayi da dafaffen rogo. Mbak Tarsih ta ce nata babu suga, yanzu ita da daɗi sai kallo, kallon ma ya ƙi. Muka yi dariya. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, yaya layi? Yaya mai biro?"

Na fara ba ta amsa. Na ce an kawo sabuwar oda mai wuyar aljihu, Kasmi ta koma layi na biyu, wadda aka sa a gurbinta ba ta da sauri, Pak Hendarto kuma ya fito da sabon salo na taro sau biyu a rana. Tana gyaɗa kai tana ɓare rogo. Sai da shayina ya huce na ankara. Na yi tafiyar awa huɗu don in ji halin da take ciki, ga shi na fi minti goma ina ba ta labarin aljihu. Na yi shiru a tsakiyar magana.

"Ci gaba mana," ta ce.

"A'a. Ke fa, Mbak? Yaya idon?"

"Alhamdulillahi. Na dama ya tafi. Na hagu yana ɗan taɓawa, ana yi masa allura a Solo duk wata."

"Da kin je tun farko fa?"

"Likita ya ce wataƙila. Su ai ba sa faɗin tabbas."

Na gaya mata na yi magana da Pak Hendarto, ya ce in tana so ta dawo wajen ninki. Ta yi murmushi ta ce ko lambar da ke wuyan riga ba ta iya karantawa yanzu, za ta haɗa wa mutane babba da ƙarama a kwali ɗaya, a sake kiran wakili.

Na ce, "Ranar Larabar nan da kika riƙe mini hannu, maganar ke nan?"

"Ita ce." Ta ajiye wuƙar. "Ba ranar na fara shiryawa ba. Tun daga ɗaki nake haɗa maganar, in zo da ita a bakina. In na ga yadda kika fito, fuska duk a ɗaure, sai in ce bari yarinyar nan ta sauke nata tukuna. Kafin ki gama saukewa an buga ƙararrawa." Ta lalubi kofinta ta kurɓa. "Kada ki ɗauka dole aka yi mini. Ina jin daɗin zaman nan. Mutum yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya, a ce ga wadda ke nemansa kullum, ai abin so ne. Sai dai da kin tambaye ni sau ɗaya, ko da wasa, da na faɗa."

Na tambaye ta yadda take kwana, da abin da take ci, da ko tana kewar Ungaran. Ta amsa duka a gajarce, lafiya lau, babu komai, an gode Allah. Na gane cewa ta yafe ɗin da gaske, amma abin da ke ranta ba ni za ta faɗa wa ba kuma. Da la'asar ta gabato ta sa aka cika mini jaka da rogo da gyaɗa, ta ce lallai sai ta raka ni bakin titi. Ta riƙe gwiwar hannuna muka gangara a hankali, tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ga ƙanwarta, babbar shugaba ce a kamfani.

Shekara huɗu ke nan yanzu. Ina nan a layi na huɗu, allon ma yana nan. Na mayar da mata biyu wajen ninki kafin su kai ga roƙo, kuma duk mai takardar asibiti ina sa mata hannu ko da jirgi gobe zai tashi. Yuyun ta koma yi mini magana kamar da. Mbak Tarsih kuwa ina kiranta duk salla, mu gaisa, ta tambayi yara, in tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ba ma wuce minti uku. Bara 'yarta ta gaya mini na hagun ma ya kusa tafiya, ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

A ranar nan da ta raka ni, da mota ta zo na shiga na zauna ta taga. Na leƙo na ce mata sai wani zuwan. Mota ta tashi, ita tana tsaye a bakin titi tana ɗaga hannu tana murmushi, fuskarta na kallon wata motar ɗaukar kaya da ta tsaya a bayanmu.